Sunayen da na raɗa wa jarumaina a gem

Ni dai in aka tambaye ni ko ya kamata masu yin gem, wato wasan bidiyo, su bar mutum ya raɗa wa jaruminsa suna da kansa, amsata eh ce, amma fa ba a kowane gem ba, kuma ba kowane suna ba. Wannan musun mun sha yinsa da shabab, samarinmu, a istiraha, wajen hutawarmu, nan Jidda, wani yace kuɗinsa ya saka ya sayi abu don haka sunan da yaga dama zai saka ba ruwan kowa, wani yace a'a labari na mai labari ne, kai baƙo ne kawai a ciki. Ina maganar irin gem ɗin nan ne da ake ce wa RPG, wanda zaka ɗauki mutum ɗaya tun bai zama komai ba ka bi shi har ya gagari kowa, kai ke zaɓar masa makami da abin da zai faɗa da wanda zai yi abota da shi.

A Makka na tashi, wajen Shari'ul Mansur, gidan yawa ne, mu da yaran kawu da na goggo duk tsakar gida ɗaya. Sony na farko, injin gem ɗin nan PlayStation, kawu ne ya siyo mana na hannu a haraj, kasuwar gwanjo, cikin sidin da suka zo tare da shi akwai Final Fantasy VII, wanda ya fito 1997 amma mu sai bayan wasu shekaru ya iso hannunmu, sidi uku ne a kwali ɗaya. Turancinmu lokacin bai taka kara ya karya ba, labarin rabi muke ganewa rabi muna cikawa da kanmu, amma abu ɗaya kowa ya gane, duk sanda sabon mutum ya shigo ayari sai allo ya tsaya ya baza maka haruffa ka rubuta masa suna. Toh sai muka raba su kamar gado. Yayana shi ke riƙe da hannun wasan, ya ɗauki Cloud, babban jarumin. Barret, ƙaton nan baƙi mai bindiga a maimakon hannu, aka ba ɗan goggo don shi ne mai jiki a cikinmu, shi kam sunansa ma bai shiga gurbin ba sai da aka gutsure shi. Ni na ɗauki Red XIII don ina son dabbar. Sai yarinyar nan mai sayar da furanni a birnin Midgar, Aeris, muka saka mata sunan autarmu, wadda ba a ba ta hannu ta buga amma kullum tana zaune gefe da kofin shayinta tana kallo, ranar murna kamar an mata kayan sallah.

Wanda ya buga ya san inda na dosa. Ƙarshen sidi na ɗaya tana durƙushe tana addu'a a tsohon birnin nan, Sephiroth, mugun labarin, ya diro daga sama da doguwar takobinsa ya soke ta ta baya. Ɗakin yayi tsit. Sai rubutu ya fara fitowa, Cloud yana magana, ga sunan autarmu ɓaro-ɓaro a allo, ita ba ta jin Turanci amma ai ta iya karanta sunanta. Tace "Yaya ka ba ta maganin nan na gashin tsuntsu mana ta tashi," don ta saba gani in wani ya faɗi a faɗa ana jefa masa ya miƙe. Yayana yace wannan karon ba ya yi. Muka koma baya ta memori muka sake bugawa ko akwai wata hanya, babu, haka masu gem ɗin suka rubuta. Kukanta ne ya fito da Umma daga kicin, da ta ji abin da ya faru tace "Ku kashe min abin nan, wa ya ce ku yi wa yarinya mugun baki?" Sony ya kwana biyu a saman kwaba.

Tun daga ranar ban ƙara saka sunan mutum mai rai a kan wani ɗan gem ba, don ba ka san me aka rubuta masa a gaba ba. Amma kuma ranar ce ta nuna min ƙarfin abin, duk wanda ya buga wasan nan mutuwar ta taɓa shi, mu kam namu daban ne, har yau in aka saka kiɗan wajen sai naji wani iri a ƙirjina. Ba zane ne ya yi wannan aikin ba, zanen lokacin ai mutane kamar an haɗa su da kwalaye, suna ne.

Abin da ya canza komai murya ce. Da can duk maganar rubutu ce, injin yana ajiye gurbi kawai ya cusa sunan da ka rubuta, ba ya cin masu gem ko riyal ɗaya. Da aka fara ɗauko masu wasan kwaikwayo suna shiga situdiyo suna faɗin kowace jimla da bakinsu sai matsala ta taso, ya za a yi mutum ya naɗi sunan da ba a riga an ƙirƙira ba? Final Fantasy X da ya fito 2001 a Sony 2 shi ne na farko a jerin da aka saka wa muryoyi, sun bar ka ka canza sunan jarumin, Tidus, amma farashin shi ne daga farkon wasan har ƙarshe babu mai kiran sunansa da baki, kai ne, shi ne, yaron nan ne, har Yuna da take sonsa ba ta taɓa furtawa ba. Abokaina Larabawa abin ya dame su sosai, ni kuwa da farko ban ma lura ba, don a gidanmu Umma ba ta taɓa kiran sunan yayana ba tunda ɗan fari ne, sai dai "kai" ko "wannan", alkunya ce da muka tashi muka tarar. Daga baya ne na gane ba abu ɗaya ba ne, wajen Umma sunan yana nan kowa ya san shi, nauyinsa ne ya hana faɗa, a gem kuwa mutanen ba su san sunan ba ne sam, kuma in ka lura sau ɗaya shikenan kunnenka ba zai daina jin ramin ba.

Kowane kamfani da dabarar da ya fito da ita. Mass Effect na 2007 sun ce zaɓi sunan farko yadda kake so amma na biyu Shepard ne dole, kuma shi kowa zai kira, sunan naka yana can cikin takardu ba mai tuna shi. Cyberpunk 2077 harafi ɗaya suka ba ka, V, kalas. Skyrim na 2011 kuma tun a farko, bayan an sauke ka daga keken fursunoni a Helgen, sojan da ke riƙe da takarda zai tambaye ka kai wane ne, ka rubuta duk abin da kake so, daga baya sai a koma kiranka Dragonborn. Wanda ya fi burge ni Fallout 4 ne na 2015, sun zaunar da mai muryar mutum-mutumin gidan nan Codsworth ya naɗi sunaye kusan dubu, in naka yana ciki zai kira ka da shi da baki. Na gwada Ɗanladi, na gwada Tanko, bai san su ba, ya ci gaba da ce min yallaɓai irin nasu.

A Skyrim ne na fi daɗewa, kuma a nan ne wata magana ta taso wadda nasan masu gem ɗin ba su taɓa tunaninta ba. Sunana na yanka sunan Manzon Allah ne (SAW), rabin shabab ɗinmu kuwa in ba wannan ba to Abdullahi ne ko Abdurrahman. Shi kuma Skyrim wasa ne da za a ce ka shiga ƙungiyar ɓarayi a garin Riften, ko ka karɓi kwangilar kisa, ko ka tsaya gaban gunki yana ba ka aiki, ga giya a kowane teburi. Sunan zai fito a wasiƙun da ake aiko maka, zai fito a ajiyar wasan. Wallahi hannuna ba zai iya rubuta wannan sunan a wurin ba, kuma duk yaron da naga zai yi ina ce masa ɗan'uwa nemi wani, sunaye ba su ƙare ba. Wannan ba laifin gem ba ne, damar da aka ba ka ce take zuwa da nata nauyin.

Sai na zaɓi Redguard, baƙaƙen mutanen Hammerfell masu lanƙwasassun takubba, na zauna ina gyara masa hanci da gemu, da aka zo suna na rubuta Jangwarzo, saboda Bawa Jangwarzo Sarkin Gobir da kakarmu take ba mu labarinsa tun muna yara, ita da ta baro ƙasar Hausa da ƙuruciyarta amma ba ta bar labaran can ba. Abin mamaki sunan sai ya fara min iyaka. Na iso Riften wani mutum ya tare ni a kasuwa yace in saci zobe in jefa a aljihun wani, na tsaya ina kallon allo nace Jangwarzo ne zai laluba aljihun mutane? Na juya na bar shi tsaye. Ban koyi sanɗa ba, ban riƙe wuƙar ɓoye ba, takobi da garkuwa kawai, gaba da gaba, ko da hakan na nufin in mutu in sake in mutu a kogo ɗaya. Akwai ɓangarori manya na wasan da ban gani ba da wannan jarumin kuma ban ji na yi asara ba. Babu wanda ya rubuta wannan a cikin gem ɗin, daga sunan ya fito, shi yasa nake cewa inda jarumin fanko ne, ba shi da uwa ba shi da tarihi sai wanda ka ba shi, hana mutum saka suna zalunci ne.

Akwai kuma wani abu da sai wanda aka haifa a nan zai gane. Mu da yawa Hausarmu a gida take tsayawa, waje Larabci ne, makaranta Larabci, dawam, wajen aiki, Larabci, a takarda dai ga Hausawi a ƙarshen suna, kamar 'yan ƙwallon nan uku Osama da Omar da Motaz da suka je kofin duniya na 2018 da Saudiyya, amma sunayen gida irin su Gambo da Balarabe da Asabe suna ta ɓacewa a bakin yaranmu. Gem ya zama wajen da nake fito da su. A Elden Ring na saka wa nawa Maikano, wani dare cikin azumi bayan tarawihi na ajiye alamata, wadda wani mai bugawa ta intanet zai gani ya kira ka, a ƙofar wani babban dodo don in taimaka wa wanda ya maƙale, wani ya kira ni muka kashe shi tare, can sai ga saƙo a Sony da haruffan Larabci amma Hausa ce zalla, "kai Bahaushe ne?" Ashe ɗan Sudan ne daga wajen Mai Wurno, aiki ya kawo shi Riyad. Har yanzu muna gaisawa.

Toh amma in aka zo The Witcher 3 bakina ɗaya da masu cewa labari na mai labari ne. Geralt, jarumin wasan, yana da suna tun kafin a yi gem ɗin, daga littattafan Andrzej Sapkowski ɗan Folan aka ɗauko shi, yana da tsofaffin abokai da tsofaffin maƙiya, yana da Ciri da ya raina kamar 'yarsa, in Yennefer masoyiyarsa ta kira sunansa cikin fushi kana jin shekarun da ke tsakaninsu a muryar. Ka cire wannan ka saka Tanko me ya rage? Haka da masu Zelda suka saka murya a Breath of the Wild a 2017 suka tsayar da sunan a Link, ban ji haushi ba. Da aka sake gina Final Fantasy VII a 2020 ma an cire canza suna gaba ɗaya, na kira autarmu, yanzu matar aure ce da yaranta, nace mata Hajiya an sake yin wasanki amma wannan karon ba za a iya saka sunan kowa ba, tace Alhamdulillah gara haka.

Inda nake da ƙorafi har yau allon rubutun ne. Wasanni da yawa yanzu suna zuwa da fassarar Larabci a ƙasa, amma ka zo rubuta suna da Larabci wasu su ƙi karɓa, wasu su karɓa haruffan su fito a warwatse daga hagu kamar an zubar da su. Namu masu lanƙwasa kuwa, ɗ da ƙ da ɓ, in ma ka samu yadda ka shigar da su sau da yawa ɗan akwati ne zai fito a wurin harafin, dole Ɗanladi ya koma Danladi. Ɗana da ya fara nasa wasan kwanan nan sunan kakarsa na gida yaso ya saka wa mayaƙiyarsa, nace masa a'a mai rai ce, nemi wani, ya zaɓi Ƙyauta da ƙ ɗinsa irin yadda yake furtawa, muka yi ta fama da allon bai karɓa ba, ƙarshe muka rubuta Kyauta, wanda dama shi ne daidai, ya danna ya wuce.