'Ya'yan Kifin da Muka Zuba a Dam

A shekarata ta biyu da kama aiki a sashen kifi aka ba ni abin da na daɗe ina jira: zuba 'ya'yan kifi a wani ƙaramin dam da masunta suka dame mu da kukan cewa ya ƙare. Ban daɗe da baro makarantar koyon aikin kifi ta New Bussa ba, kaina cike da lissafi, ina ganin ruwa tamkar gona ne, ka zuba iri ka jira kaka.

Tun asuba muka ɗauko 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa cikin ledoji masu ruwa da iska, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Aka ce kada a sake su sai babban baƙo ya iso, shi kuwa bai iso ba sai da rana ta take. Ƙa'ida ita ce a ajiye ledar a kan ruwa har zafinsu ya zo ɗaya kafin a kwance bakinta. Ina! Mai hoto na jira. Muka juye, aka yi tafi, ni ina kallon waɗanda suka taso ciki sama. Sarkin ruwa na gefe bai tafa ba. Da na je gaishe shi sai ya ce, "Ɗan nan, randar da ke yoyo kuke wa ɗibar ruwa."

Bayan mako uku na fahimci maganarsa a kasuwa. Wata mai suya ce ke auna ƙananan kifi da gwangwani, na duba da kyau, sai ga karfasarmu. Da gidan sauro ake ja a bakin gaɓa, ba abin da ke tsira. Na fusata a ranar, amma mai 'ya'ya bakwai da jirgi ɗaya ba zai jira kifi ya girma don wani ya riga shi ba.

Akwai wani tsohon malamin makaranta da ke zuwa kowace Asabar da fatsarsa, da gwangwanin tana, da 'yar kujerar roba. Ba sayarwa yake yi ba, nishaɗi ne kawai, kuma in ya kama ƙarami sai ya zare ƙugiya a hankali ya mayar da shi ruwa. Masunta na yi masa dariya, ni ma a zuci ina ganin ɓata lokaci ne. Ashe yana da littafin da yake rubuta duk abin da ya kama tun da ya yi ritaya: rana, irin kifi, da tsawonsa a ɗani. Ofishinmu ba shi da irinsa. Masunci yana ƙirga kwando, shi kuwa girma ne damuwarsa, don haka shi ya fara lura. Ya buɗe mini shafukan baya ya ce, "Duba nan, ɗana. Yauni ya fara ɓacewa, sai bargi, yanzu ga wannan." Ya matsa kumatun wata karfasa da ba ta cika tafin hannu ba, sai ga ƙwai a bakinta. Uwar karfasa a baki take rainon ƙwanta, kuma in ka ga tana yi tun tana wannan girman, to an hana manya rayuwa. Ruwan bai rasa iri ba. Lokaci kifin ya rasa.

Sai na tuna abin da na haddace don jarrabawa ban tsaya na gane ba. Bayan an gama madatsar Kainji a 1968, kamun kifi ya haura tan dubu 28 a 1971, ya faɗo ƙasa da tan dubu 5 a 1978. Wani ɓangare na faɗuwar ɗabi'ar sabon tafki ce: ciyayi da itatuwan da ruwa ya shanye suna ruɓewa su zama abinci, kifi ya yi yawa, daga baya abin ya lafa. Mutane kuma shekarun albarkar suke riƙewa a matsayin ma'auni, su yi ta neman a dawo musu da su da leda.

Ba komai na malam na ɗauka ba. Burinsa a zuba giwan ruwa, ko sau ɗaya ya ji sandarsa ta lanƙwashe kafin ya mutu. Saura kaɗan in rubuta shawarar. Giwan ruwa ɗan gida ne a kogin Kwara da tafkin Chadi, amma a tafkin Biktoriya baƙo ne da aka kai a shekarun 1950, kuma zuwa shekarun 1980 ya taimaka wajen shafe ƙananan kifaye iri-iri har ɗaruruwa. A dam irin namu, da ke tsukewa da rani, abincin mutane zai cinye. Na faɗa masa haka, ya yi mako biyu yana amsa gaisuwata a daƙile.

Shi kuwa sarkin ruwa Argungu ya kawo mini misali. Tun 1934 ake bikin, kuma sirrin kifin kogin Matan Fada shi ne a rufe wurin duk shekara, a buɗe shi na ɗan lokaci, da homa da gora kawai. A can aka fito da kifi mai kilo 75 a 2005. "Ranka ya daɗe, a nan za su yarda?" na tambaya. Ya ce in dai daga bakinsa ta fito ba daga takardarmu ba.

Haka aka yi. Aka hana kamun kifi a bakin fadama da damina, lokacin da kifi ke shiga ciyawa ya yi ƙwai, aka ce kalli, wato ragar kamun kifi, in idonsa bai kai yatsa uku ba a naɗe shi. An karya dokar, an ci tarar wasu, har ɗan ƙanin sarkin ya rasa komarsa. A rani na biyu malam ya aiko yaro ya kira ni bakin ruwa. Bargi ne ɗani uku kwance a kan ciyawa, yana numfashi. Ya rubuta a littafi, ya dube shi, ya dube ni, ya ce wannan kam gida za shi.