Sabon tankin murjani: watan farko bakteriya kake kiwo, kifi sai daga baya

Duk wanda ya haɗa sabon tankin ruwan gishiri tambayarsa ɗaya ce, wai ruwa ya kwanta ya yi garau, yaushe zai zuba kifi. To ɗan uwa garau ɗin nan ba shaida ba ce, ruwa zai iya yin haske tas amma ka saka kifi yau gobe ka tarar da shi a kwance yana haki, saboda abin da ke riƙe rai a cikin tanki ido ba ya ganinsa, kuma a sabon tanki babu shi tukuna.

Kifi yana fitar da amoniya kullum, mafi yawa ta wajen numfashinsa, ga kashi ga ragowar abinci da ke ruɓewa, duk amoniya suke zama. A teku wannan ba komai ba ne don ruwan ya fi ƙarfinta, amma a tanki mai lita 200 ina za ta je? Kuma mu masu ruwan gishiri abin ya fi yi mana muni, domin pH ɗinmu, wato ma'aunin tsamin ruwa (lamba na hawa tsami na raguwa), yana wajen 8.1 zuwa 8.3, kuma duk hawa ɗaya da pH ya yi, kason amoniyar da ke da guba sosai yana ninkuwa kusan sau 10. Adadin da kifin ruwan daɗi zai iya daurewa a pH 7, a wajenmu kashe kifi yake.

Masu kwashe wannan guba wasu bakteriya ne kashi biyu. Na farko, su Nitrosomonas da Nitrosococcus, suna cin amoniya su mayar da ita naitirayit, na biyu su Nitrospira da Nitrobacter su karɓa su mayar naitiret, wanda shi da sauƙi, canjin ruwa da tsirrai ke rage shi. Tun 1890 Sergei Winogradsky ya ware irin waɗannan ƙwayoyin, kuma har a 2015 masana suka gano wasu Nitrospira da ke yin aikin biyu su kaɗai, kenan har yanzu ana ta gano sabo a abin da muke ganin mun gama sani. Matsalarsu ɗaya, jinkirin hayayyafa. Bakteriyar ruɓa tana iya ninka kanta cikin ƙasa da awa guda, su kuwa waɗannan sai su ɗau awanni da yawa, wani lokaci yini guda ko fiye, shi ya sa za ka ji ana cewa a jira sati 4 zuwa 6 kafin a zuba kifi. Ba mugunta ake maka ba, lissafin haihuwarsu ne haka.

Wani abu da mutane ke yawan kuskurewa, ba a cikin ruwa suke zama ba, manne suke a jikin dutse da yashi da gilashi da soson filta. Don haka in ka je ka roƙo tsohon ruwa daga tankin wani ka ɗauko nauyi ne kawai a banza, gara ya ba ka ɗan dutse ɗaya daga ciki. Sai dai shi ma dutsen ka duba shi da kyau, yana iya zuwa da baƙin da ba ka gayyata ba, musamman Aiptasia, wata ƙaramar halittar teku mai kama da fure, wadda in ta samu gindin zama sai ta addabi murjaninka da harbi.

Kafin ma a zo nan, ruwan kansa. Ruwan famfo a bar shi gefe, a yi amfani da wanda ya bi ta na'urar RO/DI mai tace ruwa ya zama zalla, a dama gishirin tanki har ya kai giram 35 a kowane kilo na ruwa, wato 1.026 a ma'aunin gishirin ruwa, kuma ni dai rifiraktomita, wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa, nake ba da shawara, ɗaya ma'aunin na roba mai allura kuwa kumfa ɗaya ta manne masa sai ya ba ka lamba ta daban. Zafi digiri 25 zuwa 26, famfon juya ruwa yana aiki dare da rana domin su bakteriyar nan iskar oksijin suke sha sosai. In ruwa ya ragu saboda tururi, ruwa zalla za ka ƙara, gishirin bai tafi ko'ina ba yana nan a ciki.

Sai abincinsu. Bakteriya ba za ta hayayyafa a tankin da babu amoniya ba, dole ka ba ta. A da abin da ake yi shi ne a jefa kifi mai taurin rai, irin su damsel, ya sha gubar har tanki ya daidaita, ni wannan ban yarda da shi ba sam, azabtar da dabba ne kawai, kuma in ya rayu sai ya zama ɗan daba ya mallake tankin ya hana duk wani sabon kifi sakat, fitar da shi kuwa sai ka rushe duwatsunka. Wasu suna jefa ɗanyen jatan lande ya ruɓe, yana aiki amma wari, kuma ba ka san adadin amoniyar da yake saki ba. Mafi tsabta shi ne ruwan amoniyam kulorayid, ka ɗiga ka auna har ya kai 2 ppm, wato kashi 2 cikin miliyan, shikenan. Kar ka ce bari ka zabga da yawa don ya yi sauri, in ya yi yawa sosai yana iya ja maka jinkiri.

Bakteriyar da ake sayarwa a kwalba fa? Tana aiki, in dai ba ta lalace a ajiya ba, kuma tana rage kwanaki sosai musamman ga wanda ya fara da busasshen dutse, wanda babu rayayyar bakteriyar nan a jikinsa. In ka zuba ta, ka kashe sikima, wato na'urar da ke cire datti da kumfa, da fitilar UV mai kashe ƙwayoyi na 'yan kwanaki don kar su kwashe ta kafin ta manne. Amma abin da aka rubuta a jikin kwalba daban, abin da gwajinka ya nuna daban, gwajin za ka bi.

Yadda za ka ga abin yana tafiya, amoniya za ta tsaya kamar ba ta motsi har ka fara zargin kayan gwajinka, sai kawai ta fara sauka naitirayit ya tashi, shi kuma ya daɗe a sama, a nan ne haƙurin yawancin mutane ke ƙarewa, daga baya ya faɗi lokaci guda. Kar ka wahalar da kanka da auna naitiret muddin akwai naitirayit a ruwa, yawancin kayan gwaji suna haɗa su ne su ba ka wata lamba mai tayar da hankali wadda ƙarya ce. Haka kuma wasu kayan gwajin amoniya kullum 0.25 suke nunawa a ruwan gishiri ko da babu komai, hanyar ganewa ita ce ka gwada sabon ruwan da ka dama yanzu ka kwatanta launin biyun. Shi naitirayit a ruwan gishiri bai kai hatsarin da yake da shi a ruwan daɗi ba, domin kulorayid ɗin gishiri yana tare masa hanyar shiga jikin kifi, duk da haka ni na fi son a jira ya sauka, alama ce ta cewa kashi na biyun sun kafu. Ka riƙa leƙa alkaliniti ma, wato ƙarfin ruwa na hana pH faɗuwa, aikin bakteriyar nan cinye shi yake, a riƙe shi tsakanin 7 da 11 a ma'auninsa na dKH.

Jarrabawar ƙarshe mai sauƙi ce, ka sake ɗiga amoniya zuwa 2 ppm ka dawo bayan awa 24, in ta koma sifili tanki ya ci. Sai ka canza ruwa mai yawa, kwata ko rabi, don rage naitiret ɗin da ya taru. Kifi kuma kaɗan-kaɗan, biyu ƙanana da farko, a ba da sati biyu kafin na gaba, domin yawan bakteriya daidai yake da yawan abincin da take samu, in ka juye kifi goma rana ɗaya ka koma gidan jiya.

To ga inda nake son a tsaya a fahimta. Cin wannan jarrabawa yana nufin tanki zai iya sarrafa amoniya ne kawai, bai balaga ba. Da ka kunna fitila, wadda ya kamata ta kasance a kashe duk tsawon lokacin jiran nan, za ka ga wata ƙura ruwan kasa ta rufe yashi da gilashi, dayatom kenan, silika suke ci kuma in ta ƙare da kansu suke tafiya. Bayansu koren gansakuka mai gashi, wani lokaci jan yauƙi na sayanobakteriya, tanki ya yi muni har ka ji kunyar nuna wa baƙo. Kusan kowa sai ya bi ta nan, musamman mai busasshen dutse. Abin da ke ɓata lamari shi ne mutum ya firgita ya fara zuba magunguna iri-iri yana bin naitiret da fosfet sai ya kai su sifili, nan kuma sai wasu ƙwayoyi masu yauƙi da ake kira dainofilajelet su samu fili, su kuwa sun fi duk na baya wuyar kora. Dodon koɗi da 'yan ƙananan ƙaguwa, goge gilashi, canjin ruwa a kai a kai, sun isa.

Murjani ma hawa-hawa ne. Masu laushi irin su zowantid da masu kama da lema suna da haƙuri, za su iya shiga da wuri. Acropora, wani murjani mai tauri mai rassa, da anemoni, halittar teku mai kama da fure, a bar su sai tanki ya yi aƙalla wata 6, wasu ma shekara suke jira, lokacin da kalsiyam ya zauna wajen 420 ppm, magniziyam wajen 1300, alkaliniti ya daina hawa da sauka. In ka fara ganin ɗigo-ɗigon koralin, wata gansakuka mai tauri, masu launin hoda da shunayya suna fitowa da kansu a jikin dutse da famfo, suna kuma faɗaɗa sati bayan sati, a lokacin ne za ka fara tunanin sayen murjani mai tauri, ka fara da ɗan reshe guda ka ga yadda zai yi.