Motar da ta jira ni a Istanbul

Da tafiya Istanbul ta kama ni, tun kafin in bar gida na yi hayar motar da za ta kai ni otal ta intanet, domin sabon filin jirgin saman da aka buɗe a 2018 yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, ga shi kuma tsakar dare za mu sauka. Kamfanin ya nace sai na ba shi lambar jirgin, kuma sai daga baya na gane hikimar hakan, domin mun makara da kusan awa biyu, amma da yake direban yana bibiyar tafiyar jirgin, na fito na tarar da shi yana jira a ƙofar da aka sanar da ni.

Kuɗin ya ɗara na tasi, wannan kam babu musu, sai dai an yanke shi tun farko, na huta da ciniki da wanda ba na jin harshensa. Kuskurena shi ne ban faɗi yawan kayana daidai ba, don haka akwati ɗaya a kujerar gaba ya yi tafiyar.