Yadda biro da takarda ke tauye haƙƙin ƴan Roma

A fara raba zare da abawa: ƴan Roma ba mutanen birnin Rum na Italiya ba ne. Kakanninsu daga arewa maso yammacin Indiya suka taso kusan shekara 1000 da suka wuce, harshensu ma dangin Hindi ne. Yau a Turai sun kai miliyan 10 zuwa 12. An bautar da su a yankunan da suka zama Romaniya har 1856, ƴan Nazi kuma sun hallaka dubban ɗaruruwansu.

Wariyar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya yanzu cikin ofis ake yin ta, da hatimi da sa hannu. Shari'ar Ostrava, wani birni a Jamhuriyar Cek, ita ta tona yadda abin ke tafiya. Yaro zai shiga makaranta, sai a yi masa gwajin basira da harshen Cek, alhali shi Romani, harshen ƴan Roma, ko gaurayen harshe ya tashi da shi a gida. Ya faɗi. Sai a rubuta cewa yana da raunin ƙwaƙwalwa, a miƙa wa uwa takarda ta sa hannu, ba tare da an fayyace mata cewa karatun makarantar da za a kai shi an rage shi ba, kuma da wuya ya kai shi gaba. Lauyoyin yara 18 sun ƙirga, suka nuna cewa yiwuwar a tura ɗan Roma irin wannan makaranta ta ninka ta sauran yara sau 27. A watan Nuwamba 2007 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce wannan wariya ce, ko da babu dokar da ta ambaci ƙabila, kuma sa hannun iyaye ba ya halatta ta. A ganina nan ne ƙarfin hukuncin: alƙaluma sun isa hujja, sai hukuma ta wanke kanta.

Da irin wannan sa hannun aka yi wa mata ƴan Roma aikin hana haihuwa, wasu suna tsakiyar naƙuda. Sai 2021 Jamhuriyar Cek ta yi dokar biyan kowace diyyar kuɗin Cek 300,000.

Akwai kuma rashin takardar haihuwa, musamman bayan wargajewar tsohuwar ƙasar Yugoslaviya da ke kudu maso gabashin Turai. Uwa ba ta da katin shaida, ba a rubuta jaririnta. Unguwarsu ba ta da izinin gini, to babu adireshi. Babu adireshi, babu inshorar lafiya, babu aikin albashi. Haka ake gadon abin.

Mu a Maraɗi mun san wannan sarƙar. Ɗan makiyayi da aka haifa a ruga, almajirin da aka kawo tun yana ƙarami, ƴaƴan ƴan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato da ke wajen Gidan Rumji tun 2019, duk takarda ɗaya ce ke iya tsayar da su. Rubuta haihuwa cikin wa'adi kyauta ne, a asibitin haihuwa ko ofishin magajin gari. In wa'adi ya wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu, ga kuɗin mota, ga ɓata ranar kasuwa. Galibi iyaye ba sa farga sai lokacin haɗa takardun jarrabawar ƙarshen firamare, malami ya ce a kawo, a duba adaka babu.