Manhajar girki: a gwada ta a gindin murhu

Masu haɗa manhajar girki a Jos, ku daina gwajinta a ofis. Ku nemi mutum 5, ku bi su kicin, kowa ya yi waina da ita, ku kuma ku yi shiru kuna kallo.

Wurin awo ake fara tuntuɓe. An rubuta giram 500, uwargida kuwa mudu ta sani da gwangwanin madara. A sa gwangwani a gaba, giram a gefe, domin mudun ma ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa.

Sai hannu. Ya yi dumu-dumu da ƙullu, fuskar waya ta mutu, da me za ta taɓa? A bar fuskar a kunne, maɓalli ya zama babba, mataki ɗaya a shafi ɗaya. Jiƙa shinkafa tun daren jiya kuma a faɗe shi a farko, ba sai an ɗora tanda ba.

"Minti 40" ma yaudara ce. Jos tudu ce, wajen mita 1,200, ruwa na tafasa kafin ya kai digiri 100, wake ya fi daɗewa bai nuna ba. Garwashi daban, gas daban. A rubuta alama: har sai ya murtsuke tsakanin yatsu.