Kwana tara famfo a rufe

Wallahi ban taɓa sanin yawan ruwan da gidanmu yake ci ba sai da fayif ya fashe a ƙarƙashin tayil ɗin banɗakin yara. Da farko dai bango ne muka ga yana jiƙa, fenti yana ɓamɓarowa, muka ɗauka danshin damina ne, sai rannan aka cika tanki da magariba lita 2,000 cif, asuba na yi na murɗa famfo zan yi alwala ko ɗigo babu. Mai gyaran famfo ya zo ya kara kunnensa a ƙasa, ya ce min ruwan nan ƙasa yake tafiya, dole a rufe daga sama gaba ɗaya har sai an fasa tayil. Gidan haya ne, mai gidan kuma ya yi tafiya, ba a fasa masa gini bai sani ba. Toh haka muka shiga jira.

Mu bakwai ne a gidan, ni da baban yara da yara huɗu da Hajiya mahaifiyarsa. A unguwarmu dama ruwan famfon gwamnati na Tamburawa sai dai mu ji labari, kowa bohol ne ko 'yan garuwa, to muka koma wa mai garuwa, jarka shida kullum, ko wace lita 25. Ranar farko kafin la'asar jarka huɗu sun tafi, na tsaya ina ta lissafin ina suka shiga, ashe masai ne. Duk wanda ya shiga sai ya kwara bokiti guda na ruwa mai kyau, ruwan da aka saya da kuɗi, wanda wani bawan Allah ya turo a kura cikin rana.

Hajiya ce ta karɓi ragamar abin. Ita a ƙauye ta tashi wajen Bichi, da guga da tulu, ta ce min 'yar nan ruwa ba sau ɗaya yake aiki ba. Ta sa aka ajiye babban baho a bayan ƙofa, ruwan ɗaurayar wanki can, yara kuma a cikin baho ake musu wanka duk abin da ya taru nan ne na masai da goge tsakar gida. Ruwan wanke shinkafa da na ganye gindin zogale. Wanke-wanke roba biyu, ɗaya ta kumfa ɗaya ta ɗauraya, a fara da kofuna a ƙare da tukwane, tukunyar miya kuwa sai an fara goge maiƙon da toka kafin ta ga ruwa. Na yi ta mamakin yadda rabin bokiti da moɗa yake isar babba wanka tas, ni da nake sakin shaya tana zuba ina saɓa sabulu.

Wajen alwala ne abin ya fi taɓa ni gaskiya. Duk mun karanta tun a Islamiyya cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i, mudun nan ko lita ɗaya bai kai ba, amma sai da na zauna kusa da Hajiya na ga ƙaramar butarta ta yi mata alwala har ta rage saura sannan karatun ya shige ni.

Abu ɗaya ne na ƙi yarda a taɓa, wanke hannu. Na rataye buta da sabulu a bakin banɗaki na ce ko jarka ɗaya ta rage wannan ba a tsimi da shi, saboda na ga yadda amai da gudawa yake kwantar da gida guda cikin kwana biyu, kuma ina da mai shekara biyu da komai baki take kaiwa. Ruwan sha ma ban yarda da na jarka kai tsaye ba, sai na sa alif ya kwanta, na tafasa, ya huce a randa. Gas ya ji jiki amma hankalina ya kwanta.

Shi kuwa mai garuwan namu ɗan ci-rani ne daga wajen Damagaram, ranar da ba wuta sai ya bi layi a bohol mai janareto tun sassafe, ya iso gumi sharkaf, ya sauke jarkokin ɗaya bayan ɗaya har kicin. Da can ko fuskarsa ban riƙe ba, yanzu ina ajiye masa abinci.

Ranar ta tara mai gida ya dawo aka fasa, wata 'yar gwiwar roba ce ta tsage wadda ba ta kai tafin hannu ba, cikin awa biyu an canza an liƙe. Bahon yana nan a bayan ƙofa har yanzu, Hajiya ta hana a ɗauke. Bangon ne bai bushe ba, mai gyaran ya ce a bar shi ya sha iska tukunna kafin a yi maganar fenti.