Yau layin ya karye da wuri

Talata, da dare.

Da sassafe na shiga ɗakin gwaji na tarar firij ya sauka ƙasa da digiri 1 a ma'aunin Kelbin, wanda sifilinsa shi ne matuƙar sanyi. A irin wannan sanyi ruwan hiliyam ya baro matakin 2.17 da nisa, wato inda yake fara rabuwa da danƙonsa, kusan dukkansa ya koma ruwa mai gudana ba gogayya. A cikin kwalbar da ke ɗauke da ruwan muka tsoma 'yar na'urar dutsen kwaz mai yatsu biyu, irin ta cikin agogon hannu, mai karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa, ko da yake a cikin ruwa takan ɗan rage.

Aikin nawa faɗarsa ba wuya. In riƙa ƙara mata wuta kaɗan-kaɗan ina auna saurin bakin yatsun. Da fari layin kan tafi sambal a allon kwamfuta, gwargwadon wuta gwargwadon sauri. Can sai ya karye, kana ƙara wuta sauri na jan ƙafa. Hargitsi ya fara ke nan, ruwan ya soma cinye ƙarfin.

To yau ya karye tun kafin inda ya karye makon jiya. Da na rage wutar kuma bai biyo hanyar da ya hau ba, hargitsin ya ƙi mutuwa sai can ƙasa. A tsakani ma ya riƙa wasa da hankalina: ya lafa na 'yan daƙiƙoƙi, ya sake tashi, ba wanda ya taɓa komai. Na ɗora wa wayoyi laifi, na ɓata rabin yini ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarsu lau.

Da rana Malam ya leƙo, ya tsura wa allon ido, ya ce, "Yaya kuka cika kwalbar?"

Na ce, "Da hanzari muka cika, Malam, lokaci ya ƙure mana."

Ya ce, "To, ka bar wayoyin nan su huta."

Kunya ta kama ni, don abu ne da na karanta ba sau ɗaya ba. A lissafin masanin kimiyya Landau na 1941, sai abu ya kai wajen mita 60 a daƙiƙa kafin ruwan ya fara yi masa turjiya. Mu kuwa a 'yan santimita a daƙiƙa muke ganin karyewar. Bambancin daga zaren guguwa yake. Masana kimiyya Onsager a 1949 da Feynman a 1955 sun nuna cewa wannan ruwa ba ya juyawa yadda ya ga dama, sai a kewayen wasu zarurruka masu kaurin ƙwayar zarra, kowanne da adadin juyi guda, ba ƙari ba ragi. Haifar da sabon zare a inda babu ko ɗaya yana da wuya ƙwarai. Amma cika kwalba da gaggawa kan bar tsofaffi maƙale a kaushin bango da jikin yatsun. Masu bincike Awschalom da Schwarz sun gano irin waɗannan zarurruka maƙalallu tun 1984. Da yatsun sun fara karkarwa sai zaren ya yi ta lilo, ya miƙe, ya haɗu da kansa ya tsinke, ya saki zobba, kafin ka ankara sun cukuikuye.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne gwajin masu bincike na Osaka a Japan. Sun cika tasu kwalbar sannu a hankali har suka sami waya mai karkarwa wadda ba zare a jikinta, ta kai wajen mita 1 a daƙiƙa shiru kake ji. Sai da wata wayar a gefe ta harbo mata zobba sannan hargitsi ya tashi. Ashe abin da nake aunawa tun safe rabinsa halin ruwan ne, rabinsa gaggawar da muka yi.

Kafin in tashi na yi ɗan lissafin nan na bayan takarda, na haɗa adadin juyin da yawan karkarwar, ya ba ni saurin da ya kamata layin ya karye, wajen santimita 14 a daƙiƙa. Bai yi nisa da namu ba, hankalina ya ɗan kwanta.

Mun yanke shawarar ɗumama kwalbar ta haura 2.17, mu kwashe ruwan, gobe mu sake cikawa ɗigo-ɗigo. Abokin aikina ya ce zai iya cin yini guda. Ni zan fara zama a gaban bawul ɗin, ƙarfe 6.